Dutsen burnonait a Katsina: tarawa ce mai amfani ko ɓarnar kuɗi?

Baban Ummi (Ƙofar Sauri):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga hotuna nan na ɗora, ku duba da kyau kafin wani ya ce kwalli ne. Sunan dutsen nan burnonait. Ƙanena mai zuwa Chana sarin kaya na roƙa ya nemo mani, ya kuwa samo shi har da 'yar takardarsa, an rubuta cewa daga mahaƙar Yaogangxian yake, a lardin Hunan. Bai wuce kan babban yatsa ba, yana zaune bisa farin kwaz, wato dutsen nan mai kama da gilashi. Ku tsaya a hoto na biyu, inda na haska shi da fitilar waya ta gefe: haƙora ne jere a kewayensa, kamar giyar bayan keke. Ba wanda ya sassaƙa su, haka ya tsiro cikin ƙasa. Na daɗe ina tara duwatsu, yawanci na nan gida, amma wannan ne na farko da na samu daga dangin da masana ke kira salfosolt. Abu biyu nake nema wurin masu ilimin abin: yadda zan adana shi, da yadda zan gane ba haɗi aka yi mani ba.

Ɗan Kasuwa Mai'aduwa:
Wa alaikumus salam. Yaya, tsakani da Allah nawa ka zuba a kan wannan? Kuma idan ka tashi sayarwa, wa zai saya a Katsina?

Baban Ummi (Ƙofar Sauri):
Ya kusa kuɗin buhun masara, Alhaji. Kuma ban saya don in sayar ba.

Ɗan Kasuwa Mai'aduwa:
To ni a nan nake da magana. A wannan marra da mutane ke fama da abin sawa a baka, a ɗauki kuɗin buhun masara a sayi dutsen da ba a ci, ba a sawa, ba a jingina da shi? Da zinare ne ko azurfa sai in ce ajiya ce. Ka yi haƙuri Yaya, ni dai ban gane ba.

Maman Sadik:
Ni kuwa da na ga hoton farko cewa na yi irin kwallin da muke sarowa ne, wanda ake daka wa jarirai. Launin ɗaya ne sak, toka-toka mai walƙiya. Malam, ka tabbata ba kwalli aka sayar maka da tsada ba?

Malamin Jiyoloji:
Salamu alaikum. Baban Ummi, Allah ya sanya alheri, ka samu abu mai kyau in dai hoton bai ruɗe ni ba. Hajiya Maman Sadik, tambayarki tana kan hanya, don 'yan uwan juna ne. Dutsen kwallin da ake sayarwa a kasuwanninmu yawancinsa galena ne, wato dalma da farar wuta kawai suka haɗu, kuma dalmar ta kai kashi 86 cikin 100 na nauyinsa. Burnonait kuwa abu huɗu ne: dalma kusan kashi 42, antimoni kusan 25, farar wuta kusan 20, tagulla 13. Shigowar antimonin nan ita ta sa shi cikin dangin salfosolt. A wannan dangi, ƙarfe irin su dalma, tagulla ko azurfa yakan haɗu da farar wuta tare da ɗaya daga cikin antimoni, asenik ko bismut. Ire-irensu sun haura 200, kuma da yawansu ba a samunsu sai a wurare ƙalilan a duniya.

Yadda yake samuwa: ruwan zafi mai ɗauke da narkakkun ma'adinai yana bin tsagar dutse can ƙarƙashin ƙasa, yana hucewa sannu a hankali, abin da ke cikinsa yana kwantawa. Inda tsagar ta cika maƙil, sai a samu dunƙulen ma'adini marar siffa. Inda aka yi sa'a wani ɗan kogo ya rage, a nan kiristal ke samun sararin girma da fuskokinsa. Haƙoran nan da Baban Ummi ya nuna, kiristal ne da yawa suka tsiro a sarƙe, kowanne ya karkata daga ɗan uwansa, har suka zagayo. Galena ba ya yin haka. Shi murabba'i yake fitowa, in ya fashe ma murabba'i-murabba'i yake fashewa, da 'yan matakala a jikinsa. Hajiya, ki duba gutsuren kwallin da ke shagonki za ki ga abin da nake faɗi.

Maman Sadik:
Na duba yanzu, haka ne kuwa Malam. Duk gefensa a miƙe yake, har 'yan ƙananan.

Maƙerin Fari:
Ni ga shawarata a matsayina na mai aikin sikeli. Ka kawo shi shago mu auna. Yadda muke gwada azurfar da muke shakka: a auna nauyinta a sarari, sannan a ɗora kofin ruwa bisa sikelin a mayar da shi sifili, a ɗaure abin da zare a nutsa shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofi ba, a karanta. Sai a raba na farko da na biyu. Malamin Jiyoloji zai gaya mana lambar da ya kamata ta fito.

Malamin Jiyoloji:
Dabarar daidai take, Baba Maƙeri. Galena yana ba da wajen 7.5, burnonait wajen 5.8, stibnait (dutsen antimoni da farar wuta) wajen 4.6. Sai dai a kan wannan dutse ba za ta yi aiki ba, don yana manne da kwaz, shi kuwa kwaz 2.65 ne, zai ja lambar ƙasa ta rikice. Kada kuma a ce za a ɓamɓare shi daga kwaz ɗin don a auna. Wallahi da an yi haka an kashe rabin darajarsa. Haka gwajin karta da wuƙa ko goga shi a bayan tayil: taurinsa 2.5 zuwa 3 ne kawai a ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin duwatsu da shi daga 1 zuwa 10, ƙusa ma za ta yi masa tabo, ga shi da saurin ɓarewa. Waɗannan gwaje-gwaje na gutsuren da ba shi da siffa ne.

Abin da za ka iya yi a gida, Baban Ummi, shi ne ka nemi ɗan gilashin nan mai ƙara girma sau 10, irin na masu gyaran agogo. Ka bi gindin kiristal ɗin, daidai inda ya haɗu da kwaz. Idan ka ga wani abu mai sheƙi ya taru a wurin, ko an barbaɗa garin dutse ya manne, to gam ne. Sannan ka kashe fitila ka haska shi da tocilar duba kuɗin jabu, yawancin gam yana yin haske a ƙarƙashinta. Tabbaci na ƙarshe kuwa sai ɗakin gwaji. Hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa tana da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna, kuma akwai sashen jiyoloji a jami'ar Ahmadu Bello. Na'urar XRF ta hannu tana nuna dalma da tagulla da antimoni ba tare da an fasa komai ba. Ka jaddada masu tun a bakin ƙofa cewa ba ka yarda a niƙa ba, don sun saba da samfurin da ake mayarwa gari.

Nas ɗin Yara:
Ku yi haƙuri in katse ku, amma tun da na ji dalma kashi 42 hankalina bai kwanta ba. Baban Ummi, sunanka ma ya nuna akwai yarinya a gidan. Mu a arewa mun ga abin da dalma ke yi da idonmu. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara wajen 400 suka rasu, saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, wani lokaci da injin niƙan hatsi. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yara suna rarrafe suna kai hannu baki. Waɗanda suka rayu da yawa sun tashi da rauni a ƙwaƙwalwa. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Don haka ni ba na ɗaukar maganar dalma da wasa ko kaɗan.

Baban Ummi (Ƙofar Sauri):
Gaskiyarki Sista, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duwatsuna suna cikin durowa mai makulli a ɗakin zaure, ba sa shiga cikin gida.

Malamin Jiyoloji:
Amin. Sista ta faɗi gaskiya, kuma ya kamata a bambance. Dunƙulen dutse da ke zaune cikin akwati ba ya sa wa mutum guba ta iska. Haɗarin yana cikin gari da ƙura da hayaƙi. Saboda haka: ba daka, ba gogewa da fayil, ba lasa, ba ƙonawa. Na san akwai masu sa dutse a wuta don su ga ko zai narke. Da salfosolt wannan ganganci ne, don wasunsu asenik ke cikinsu, wasu ma har da taliyom, wani ƙarfe mai guba, irin waɗanda ake haƙowa a Lengenbach ta ƙasar Suwizalan. In ka taɓa, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci goro.

Nas ɗin Yara:
To Hajiya Maman Sadik, ke ma maganar ta shafe ki, don kin ce ana daka wa jarirai. Wannan ya fi dutsen Baban Ummi haɗari nesa ba kusa ba. A 2011 a birnin Boston na Amurka an samu jariri da dalma a jininsa, da aka bi diddigi sai aka gano kwallin da aka kawo daga Najeriya ake sa masa. Da aka gwada kwallin, dalma ta haura kashi 82 cikin 100. Jariri yana murza ido ya tsotsi yatsa, shi ke nan ta shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Maman Sadik:
Haba Sista! Iyayenmu da kakanninmu da shi aka raine su, mu ma da shi aka raine mu, ga mu nan garau. Kuma sa kwalli ai sunna ne. Kada ku ɓata mana sana'a da maganar Turawa.

Nas ɗin Yara:
Ba sana'arki nake nufi da sharri ba, Hajiya, wallahi. Illar dalma ba ta fitowa kamar ƙyanda a gani. Yaro ne zai tashi karatu yana yi masa wuya, ko jininsa kullum a ƙasa, ba wanda zai ce daga tandun kwalli ne. Manya su yi yadda suka ga dama, ni roƙona a kan jarirai ne.

Malam Na Daura:
Bismillah. Hajiya, gaskiya ne hadisai sun yabi kwallin da ake kira ismid, ba mai musun wannan. Amma abin da ke cikin tandu a kasuwa, ba mai sayarwa ba mai saye, ba wanda ya gwada ya san mene ne. Idan masana lafiya suka tabbatar wani nau'i yana cutar da jariri, ƙa'idar ba cuta ba cutarwa ta hau kansa, sai a nemi wanda ba ya cutarwa.

Sai maganar Alhaji na Mai'aduwa. Ni ban ga almubazzaranci ba ga mutumin da ya sauke haƙƙin iyalinsa sannan ya sayi abin da zai yi nazari a kai. A Suratu Faɗir, aya ta 27, Allah ya ja hankalinmu ga duwatsu da zane-zanen da ke jikinsu, farare da jajaye masu launi daban-daban da baƙaƙe ƙirin, aya ta gaba kuma ta zo da maganar malamai masu tsoron Allah. Wani kiwon tantabaru yake, wani doki, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sharaɗin dai kada a bar gida da yunwa.

Ɗan Kasuwa Mai'aduwa:
Allah ya gafarta Malam, na ji, ban kuma ja da aya ba. Amma har yanzu ina da saura. In nazari ne, me ya sa sai na Chana? Ƙasarmu ba duwatsu ne? Kuɗinmu kullum waje yake tafiya.

Baban Ummi (Ƙofar Sauri):
Alhaji, yanzu ka taɓo inda ke yi mani ciwo. Akwai su mana. A durowata akwai farar ƙasar Ƙanƙara, akwai kuza da tofaz na Filato, akwai baƙin dutsen zink da aka ce mani daga Riruwai yake. Matsalar ita ce kusan duk abin da ya zo hannuna a farfashe yake zuwa, kuma in ka tambayi mai shi daga wane rami, sai ya ce "daga daji". Wannan na Chana ya zo a naɗe cikin akwatinsa, da sunan mahaƙa da lardi. Mutanen can sun gane cewa abin da ya fito da siffarsa kaya ne na daban, suna ware shi tun a bakin rami. Mu kuwa guduma muke sa masa.

Tsohon Lebura:
Sallama gare ku manya. Ni ba mai ilimi ba ne, amma na yi aikin ramin dalma a Zurak, can ƙasar Wase. Abin da Malam ya faɗi na kogo gaskiya ne. Wani lokaci kana sara sai diga ta faɗa rami, ka haska tocila ka ga cikinsa duk ƙyalli, dalma murabba'i-murabba'i a jere, wasu da farin dutse mai tsini a kansu. Mukan tsaya mu duba, har mu kira juna. Daga nan sai a farfasa a zuba a buhu, don a kilo ake saye, mai sikeli ba ruwansa da kyau. Da na san akwai mai so da na ɓoye ko guda biyu.

Malamin Jiyoloji:
Allahu akbar. Baba, wannan da ka ba da labari shi ne abin da masu tarawa a duniya ke nema ido rufe. Bari in ba ku misali da burnonait ɗin kansa. A yankin Konwal na Ingila aka fara bayaninsa. Wani Bafaranshe, Comte de Bournon, ya yi nazarinsa a 1804, a 1805 kuma Robert Jameson ya sa wa dutsen sunansa. Bayan shekara hamsin da wani abu, wata mahaƙar dalma da azurfa mai suna Herodsfoot, a Konwal ɗin dai, ta fara fitar da manya masu haƙora. Wani dillalin duwatsu, Richard Talling, ya riƙa karɓar su yana kai wa masu tarawa. Mahaƙar ta rufe tun ƙarni na 19, dalmar da aka narka daga cikinta ba wanda ya san inda take, amma waɗancan da aka tsirar suna nan a gidan tarihin halittu na Landan da wasu wurare, kuma har gobe da su ake auna kyawun duk wani burnonait da aka samu a Romaniya, Jamus, Faransa, Bolibiya ko Chana.

Mu ma kwarin Binuwai cike yake da jijiyoyin dalma da zink, tun daga Ishiagu da Enyigba a Ebonyi, zuwa Arufu da Akwana, har Zurak. Fenakait na Jos kuwa, wani dutse mai haske kamar gilashi, sananne ne a wurin masu tarawa na ƙasashen waje, sun fi mu saninsa. Abin da ke ɓata mani rai, ɗalibanmu suna gama digiri ba su taɓa riƙe kiristal na ƙasarsu mai cikakkiyar siffa ba, sai zane a allo.

Ɗan Kasuwa Mai'aduwa:
To in haka ne ai akwai kasuwa a ciki. A sa yara su riƙa warewa, mu tara mu fitar.

Malamin Jiyoloji:
A yi a hankali, Alhaji. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinan ƙasar nan a hannun gwamnatin tarayya. Saye da tarawa don kasuwanci yana buƙatar lasisi, fitarwa waje kuma sai da izinin ma'aikatar ma'adinai. Kuma ina roƙon matasan zauren nan, kada sha'awar dutse ta sa wani ya nufi dazukan yammacin jihar nan ko na Zamfara a halin da ake ciki. Ramin da aka bari ma shi kansa yana rufta wa mutane.

Ɗalibi Daga Daura:
Malam, ni ina aji biyu a jami'a kuma abin ya shiga raina. Idan ba ni da kuɗin na Chana, ta ina zan fara? Kuma Baban Ummi ya tambayi adanawa, ba a gama ba shi amsa ba.

Malamin Jiyoloji:
Madalla ƙanena, ka tuna mana. Baban Ummi, maƙiyanka biyu ne a Katsina: ƙurar hunturu da laimar damina. Ka sa shi a ƙaramar roba mai murfi wadda ake gani ta ciki, ka kafa gindin kwaz ɗin da ɗan abin manna takarda a bango don kada ya yi ta gangarawa. Ka jefa 'yar jakar nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Wannan ya fi muhimmanci idan akwai firit, dutsen nan mai kama da zinare, a jikin dutsen, don shi laima na sa shi ruɓewa ya fitar da asid, har takardar ya cinye. In ƙura ta hau, ka hure ta da 'yar robar hura iska ta masu gyaran waya. Kada ka sa burushin haƙori, kada ka shafa mai don ya yi sheƙi, ruwan batir kuwa ko kusa. Idan wata rana ka samu 'yan uwansa masu siraran allurai, jemsonait ko bulanjarait, kada auduga ta taɓa su, za ta sarƙe ta kakkarya su. Masu jan launi na azurfa, furustait da firajirait, su kuma duhu suke so, haske yana baƙanta su kuma ba sa dawowa.

Kai kuma ɗalibi, fara da abin da ke kusa da kai. Dutsen da ake fasawa a wuraren aikin hanya da na gini yana da kwaz da felsfa da maika, ka koyi gane su tukuna. Ka sayi gilashin nan mai sau 10 da littafin rubutu. Kowane dutse ka ba shi lamba, ka rubuta gari, ƙaramar hukuma, ramin ko tsaunin da ya fito, ranar da aka samu, da wanda ya ba ka. Abin da ba ka tabbatar da sunansa ba, ka rubuta yadda ka gan shi kawai. Kuma duk wanda ya kawo maka baƙin dutse mai walƙiya ya ce salfosolt ne, kada ka rubuta haka sai an gwada, don ko masana ba sa raba yawancinsu da ido.

Tsohon Lebura:
Malam, akwai yaron ƙanwata da har yanzu yake aiki a can. Idan suka sake faɗa wa irin kogon nan, me zan ce masa ya yi?

Malamin Jiyoloji:
Ka ce ya fara neman yardar mai ramin. Sannan kada ya cire kiristal ɗin shi kaɗai, ya sa kurfi ya saro shi tare da dutsen da yake zaune a kai, daga nesa kaɗan. Kada ya wanke, taɓon da ke jiki kariya ne a hanya. Ya naɗe kowanne daban da leda mai laushi sannan jarida, ya sa a kwali, ba a buhu ba. Ya rubuta sunan ramin da zurfin da aka kai a takarda ya cusa ciki. Shi kuma ya riƙa sauya kayan aikinsa ya yi wanka kafin ya shiga wurin 'ya'yansa.

Baban Ummi (Ƙofar Sauri):
Baba, in ya samu ka yi mani magana ta gefe. Guda ɗaya nake so, na biyun kuma a ba Malam ya kai wa ɗalibansa, ni zan biya kuɗin motar.